Kilomita 100 da gwiwar liman

Duk wanda ya daɗe a Yelwa ya san cewa in aka ga mai furfura yana gudu da sassafe, ba a cewa motsa jiki yake yi. Tare shi ake yi a ce, "Malam lafiya? Me ya faru a can?" Mun ga abin da muka gani a unguwar nan a shekarun baya, Allah kada ya maimaita mana, shi ya sa gudu bai zama abin wasa a wurinmu ba. Ranar da na fara fita ban kai bakin titin Dass ba sai da wata tsohuwa mai ƙosai ta miƙe tsaye da matsami a hannu, ta ce, "Liman, mu kwashe ne?" Na ce a'a Iya, zauna, likita ce ta koro ni.

Kuma gaskiya na faɗa mata. Shekara uku ke nan, ina rumfata ta hatsi na sunkuya zan gyara bakin buhun masara sai na ga kasuwa tana juyawa. A asibiti aka ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Likitar yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu. Ta rubuta magani, sannan ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Na ce ai ni wuni nake a kasuwa. Ta ce, "Baba, a tsaye ko a zaune?" Na yi shiru, don na san yara ke awo, ni ina kan buhu ina karɓar kuɗi da shan shayi.

Abin da ya fi damuna ba gajiya ba ce, kunya ce. Mutumin da ke jan sallah a masallacin layi, yana ɗaura aure yana raɗa suna, a gan shi da wandon roba da kambas na gwanjo yana haki kamar an biyo shi? Na kwana biyu ina juya abin. Sai na tuna abin da mu da kanmu muke karantar da yara a Islamiyya, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Cikin sahabbai akwai Salamatu ɗan Akwa'u wanda aka sani da gudun ƙafa. Wanda ya je Makka kuma ya san safa da marwa sau bakwai ya haura kilomita 3, kuma a tsakanin korayen fitilun nan maza sassarfa suke yi, sarki da talaka. To wane ne ni?

Ban yi mako biyu ba na gane ashe ba ni kaɗai ba ne. Bayan sallar asuba, kafin 'yan Keke Napep su cika hanya, akwai mutanen da ke bin titin Dass daga wajen ƙofar jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wasu su nufi Gwallameji wajen kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, masu ƙarfi su miƙe hanyar Bayara. Tun muna ɗaga wa juna hannu har muka fara tsayawa wurin mai shayi ɗaya. Mu tara ne in an cika. Akwai malamin jami'a da muke kira Dakta, akwai tsohon ɗan sanda da har yau ba a daina ce masa Kofur ba, akwai tela, akwai direban tanka, akwai wani ɗalibi ɗan Fankshin ta jihar Filato wanda in ya wuce ka sai ka ji iska. Rabinmu masallaci, rabinmu coci, kuma ban taɓa jin wannan ya shigo cikin hira ba, don mai haki ba shi da numfashin gardama.

Dakta ne ya kawo maganar littafi. Ya sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare ya ajiye a wurin mai shayi, kowa da shafinsa. Ranar ƙarshen wata sai a zauna, kowa ya faɗi kilomita nawa ya yi, a rubuta. Masu babbar waya suna da manhajar Strava da ke auna musu. Ni da farko falwaya nake ƙirgawa, daga baya in na shiga fili sai in riƙe carbi, duk zagaye ɗaya in ja ƙwaya ɗaya. Zagayen filin tsere mita 400 ne, ka ga ƙwaya 25 ta ba ka kilomita 10. Sai da ɗana ya ga abin ya yi yawa ya sa mini manhajar a waya ya koya mini inda ake dannawa.

Zaman ƙarshen watan nan ya fi gudun kansa daɗi, don a nan ake jin halin kowa. Dakta mutumin ƙa'ida ne. Kullum maganarsa ita ce kada ka ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan abin da ka yi makon jiya, kuma mafi yawan gudunka ya zama wanda za ka iya hira a cikinsa. Ni na mayar da wannan nawa: in ina iya yin tasbihi a bayyane ba tare da numfashi ya yanke ba, to daidai nake, in ya fara yankewa sai in koma tafiya. Tela bai taɓa gudu ba ko sau ɗaya, tafiya yake da sauri, kuma yana cewa shi da mu duk wuri ɗaya muke shan shayi. Direban tanka wata ɗaya ya kawo 90, wata na gaba ya kawo 12, ya danganta da inda mota ta kwana. Yaron Fankshin kuwa ba ma sa shi a lissafi, don shi yakan haura 300, kuma a wurinsa muka ji labarin mutanen Kenya. Shi ya gaya mana gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, cewa Eliud Kipchoge ya yi shi cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019 ko da yake ba a gasa ba ne, kuma Kelvin Kiptum ya yi awa biyu da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, sannan ya rasu a haɗarin mota a farkon 2024 yana ɗan shekara 24. Burin yaron nan shi ne ya je gudun Legas da ake yi duk shekara tun 2016.

Kofur ne kawai ya ƙi kilomita. Ya ce shi kwana yake ƙirgawa. In an zo kansa sai ya ce, "Na fito sau goma sha huɗu," a rubuta 14. Mun yi ta yi masa tsiya cewa tsoron lissafi yake.

Littafin nan ya nuna mana shekara kamar yadda kasuwa ke nuna ta. Da hunturu lambobi sukan faɗi, don ƙurar Disamba da Janairu tana shiga ƙirji, sanyin asuba kuma yana sa bargo ya yi nauyi. Da bazara in ba ka dawo kafin bakwai ba ka sha wuya. Da azumi yawancinmu tafiya kawai muke yi, wasu kafin shan ruwa da kaɗan, wasu bayan asham. Damina ce lokacinmu, in ka cire taɓo da karnukan da ke bin mutum ta wajen gonaki.

To ni abin da na saba shi ne kilomita 5, sau uku a mako, wata ya ba ni sittin da 'yan kai. Jinina ya sauka, likita ta rage mini magani, tsayuwar asham ta daina gajiyar da ni. Da na tsaya a nan da ba ni da labarin ba ku. Amma ni ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa in ya ga lamba a littafi so yake ta wata mai zuwa ta fi ta. A watan Satumban bara na yi 74. Dakta ya yi 110. Wani ya ce saura kaɗan Dakta ya kai Jos da ƙafa, tunda tsakaninmu da Jos wajen kilomita 130 ne, aka yi dariya, aka tafa masa. Wallahi tafin nan ya shiga raina. A wurin na ce a zuciyata watan Oktoba sai na cika 100.

Ban gaya wa kowa ba sai uwargida, ita kuwa ta ce, "Malam, wa zai ba ka lada a kan ɗarin?" Na ce ba za ta gane ba.

Na koma fita sau biyar a mako. Ga kaka ta shigo, sabon hatsi yana sauka, ina wuni a tsaye a kan awo, barci bai fi awa biyar ba. A mako na uku gwiwata ta dama ta fara magana, musamman in zan tashi daga sujada. Na shafa man zafi na ɗaure da tsumma. Ranar 29 ga wata waya ta nuna 88. Washegari na fita tare da Dakta, na yi 9 ina ɗingishi, shi yana ta cewa Liman mu juya, ni ina cewa saura kaɗan. Ranar 31 ko takalmi ban iya sunkuyawa na ɗaura ba. Gwiwa ta kumbura ta yi kamar gora. Lissafi ya tsaya a 97.

Da yamma aka kai ni wurin mai shayi a Keke. Da aka zo kaina aka ce Liman nawa, sai na ji bakina ya ce, "Ɗari." Aka tafa. Mai shayi ya ƙara mini ƙwai kyauta.

Abin da ya biyo baya 'yan layinmu sun gani da idonsu, ko da ba su san dalili ba. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ba ya iya cika rukunin sallah ba ya jan waɗanda suke iyawa. Ni kuwa ba ruku'u sosai, ba sujada, ba zaman tahiya. Mako biyar ina sallah a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, ina bin yaron da ni na koya masa alif da ba. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa Allah ya sa kaffara ne, wasu suna cewa hidimar jama'a ce ta kayar da Malam. Wani dattijo har ya ce sammu ne, a nemi taimako. Ina amsawa da amin, cikina yana ƙuna, don na san abin da ya raba ni da gaban sahu: tafin mutum takwas a teburin mai shayi. Mu da muke yi wa mutane wa'azi a kan riya, muna zaton a sallar dare da sadaka kawai take kwana.

Kilomita ukun nan kuma suka ƙi barina. Shekara talatin ina awo, kuma abu ɗaya da mahaifina ya bar mini shi ne mudu ya cika ya yi tozo, in za a yi kuskure a yi shi wajen mai saye. Ina zaune a rumfa da ƙafa a miƙe ina yi wa yaro faɗa don ya shafe kan mudun gero da hannu, sai na ji kunyar kaina. Babu wanda na cuta ko sisi, na sani. Amma na faɗi abin da ba haka yake ba, a gaban mutanen da rabinsu ba addininmu ɗaya ba, waɗanda in an yi musun wani abu sukan ce a tambayi Liman.

A zaman ƙarshen Nuwamba na ce a ba ni littafin. Na buɗe shafina na soke 100 na rubuta 97, na ce jama'a ku gafarce ni, ga abin da na yi. Aka yi tsit. Sai Kofur ya kurɓi shayi ya ce, "Ai mun sani, Liman." Ashe manhajar nan tana nuna wa abokan mutum duk abin da ya yi, ɗana ya haɗa ni da Dakta tun ranar farko ban sani ba. Tun daren 31 ga wata Dakta ya ga 97, ya nuna wa sauran, suka haɗa baki cewa kada wanda ya tayar da maganar. Wata guda cur suna gaishe ni da girmamawa, suna aiko mini da lemo gida. Da sun yi mini dariya a ranar ina jin da ya fi mini sauƙi. Yaron Fankshin ne ya kashe shirun, ya ce Baba ai 97 a shekarunka ko a garinsu sai an yanka maka kaza.

Sai a watan Janairu na koma gaban sahu. Likitan ƙashi ya ce ba abin da ya tsinke, amma gwiwar mai shekara hamsin da biyar ba ta ɗaukar ƙari irin wanda na yi mata lokaci ɗaya, ya ba ni motsin da zan riƙa yi a gida, ya ce in canja takalmi don tafin wancan ya cinye ta gefe ɗaya. Yanzu ina fita Asabar, Litinin da Laraba, in yi tafiya minti goma kafin in fara sassarfa, kuma ranar da gwiwa ta yi magana sai in juya ko ina tsakiyar hanya. Wayar tana aljihu tana lissafinta, ban cika dubawa ba. A littafin mai shayi an mayar da ni shafi ɗaya da Kofur. Watan jiya shi 14, ni 12, kuma ya ce biyun da na rasa ya san ranakun, ɗaya ɗaurin aure ne a Yelwan Makaranta, ɗayar kuma barci ne.