Kwamfutar da Aka Bari Ba Riga

Da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa kwamfutar da muke aiki da ita ta hannu ce, ta gaji tun kafin ta iso gare mu. Tawa yayana ne ya bar mini, tana ɗauke da Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. Ko Windows 10 ma an yaye ta a Oktoban 2025, ta 11 kuwa ba ta yarda da irin tsofaffin injunanmu. Da tawa ta fara tafiyar hawainiya, sai aka ba ni shawarar a sa mata Linux, watau manhajar nan ta kyauta da wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991.

Lokacin hutu ne, ina gida Barkiya ta ƙasar Kurfi. Wani mai gyara da ya zo ganin dangi ya ce yana da nau'in Debian a filashi. Na roƙe shi kada ya taɓa sashen faifan da aikina yake, domin a nan ne waƙoƙin niƙa da na daɓe suke, waɗanda na ɗauka daga bakin tsofaffin garinmu don kundin digirina. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan Allah Ya yi mata rasuwa bayan kaka, muryarta kuwa ba ta ko'ina sai cikin faifan nan. Ya gama, ya rufe, ya hau babur ya tafi.

Da dare na kunna. Babu hoto, babu 'yar kibiyar nan, babu komai sai baƙin allo da 'yan kalmomin Turanci, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Kakata ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, abin naka ya mutu ne?" Na ce, "Da sauran rai, Iya." Amma ni kaɗai na san yadda cikina ya ɗuri ruwa. Kwana huɗu na yi ba na jin daɗin tuwo.

Da na koma Dutsin-Ma sai na kai wa wani abokina mai karatun kwamfuta. Bayaninsa ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba ni kaɗai wannan zai samu ba. Ashe a Linux jiki daban, riga daban. Jikin shi ne abin da ke sarrafa injin, ya kuwa zauna lafiya lau. Rigar ita ce fuskar nan mai tagogi da hotuna da muke dannawa, kuma iri-iri ce, akwai GNOME mai nauyi, akwai Xfce marar nauyi. To, Debian ɗin da ke filashin mai gyaran ƙaramin kwafi ne, wanda aka shirya shi da zaton akwai intanet a inda za a sa shi, ya janyo rigar da kansa. A zauren gidanmu kuwa ko kiran waya sai ka fita bakin dalbejiya. Da bai sami intanet ba sai ya kafa jikin kawai ya yi shiru. Waɗanda suka tsara shi ba su yi ƙarya ba, sunansa ma ya nuna na intanet ne. Laifin a ganina na mai gyaran ne da ya tafi bai sake kunnawa ya gani ba. Ai ko tela ba ya sallamar mutum sai ya gwada.

Abokina ya fara rubuta lsblk, sai ga sassan faifan sun jeru, nawa yana nan da girmansa. A nan ne na sauke numfashi. Daga nan ya haɗa wayata da kwamfutar da igiyar caji don ta ara mata intanet, ya gyara takardar da ke nuna wa injin rumbun da zai ɗebo manhajoji, domin filashin kaɗai ta sani. Sannan ya rubuta apt update, ya bi da apt install task-xfce-desktop. Kuɗin cefanena na mako ya tafi a data, muka kwashe fiye da awa biyu muna kallon rubutu yana gudu. Da aka kashe aka kunna, sai ga fuska ta bayyana, ga waƙoƙina cif-cif.

Wani abin da ya ba ni haushi, tun daga baƙin allon har ƙarshen gyaran babu kalmar Hausa ko ɗaya da injin ya yi mini. Amma da rigar ta hau, sai na tarar a jerin allunan rubutu akwai na Hausar Nijeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ. A da sai in bi shafi-shafi ina sa lanƙwasa da biro bayan an buga, malamina kuwa ba ya yafe "kafa" a gurbin "ƙafa". Babi na uku ne na fara miƙa masa babu tabon biro.

Wanda duk za a sa wa Debian a ƙauye, ya tambayi mai gyaran ko babban kwafin nan na DVD ne a hannunsa, domin shi da rigarsa yake tafe. In ƙaramin ne, a bari sai an shigo gari.