Igiyar da ta taso daga nesa

Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku, amma kowace shekara ina koya wa ƴan ajina yadda masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo suke hasashen ranar da za su fita. Wasu iyaye kan tambaye ni amfaninsa. Ga amsata.

Girman igiya ya dogara ga abu uku: ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa. Guguwa kan tashi a arewacin tekun Atlantika, sai bayan kwanaki igiyoyinta su iso Ngor a Dakar, ko Nazare a Fotugal, inda Sebastian Steudtner ya hau mai tsayin mita 26 a 2020. Shi ya sa mai hasashe ba ya tsayawa ga kallon sama. Yana ƙirga tazarar igiya da igiya: in ta kai sakan 15, daga nesa suka fito da ƙarfinsu. Yana kuma duba iska: wadda ke fitowa daga tudu tana gyara igiya, ta teku tana ruguza ta.

Yaron da ya gane wannan ya san abin da zai iso mu gobe ya riga ya taso a wani wuri. Zafin ruwan wannan tekun ma yana cikin abubuwan da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke dubawa kafin hasashen damina. Ina son ɗan manomi ya iya karanta wa babansa hasashen nan kafin a zuba iri.