Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Mu mutanen ƙasar Tofa mun saba da gyaran abu tun bai ɓaci ba. Kowace shekara, kafin ruwan fari ya sauka, magidanci ya kan yaɓe soronsa, ya gyara indararo, ya sake jinkar rumbu. Ba mai jira sai rufi ya rufta a kan iyali sa'an nan ya nemi magini. Haka nan makiyaya suka yi ta kai shanunsu allurar bushiya shekara da shekaru, har a 2011 aka ba da sanarwa cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Amma abin mamaki, mutumin da ya san wannan duka, da zarar ya sayi mota sai ka ga ya sake hali, ya ce ba ya kai ta gareji sai ta tsaya da kanta. Wani kuwa tsoro ne ke cinsa, duk abin da makaniki ya ambata sai ya saya, har kuɗin cefane ya ƙare a Ƙofar Ruwa. To, ina so mu zauna mu auna wannan al'amari da hankali, yadda a ke auna hatsi da tiya.

Iyayenmu da jakuna su ke kai itace birnin Kano, su komo da taki don gonakinsu. Jaki in ba shi da lafiya ba ya ɓoyewa: ya ƙi harawa, ya yi ɗingishi, ya sunkuyar da kai. Mota ma yawancin ciwonta tana faɗi. Birki ya kan yi kuka, kuloci ya kan yi santsi, batir ya kan yi nauyin tashi da safe. Irin wannan ciwo yana ba mai mota lokacin shiri. Amma akwai wani ciwo wanda ba ya sallama, kuma ranar da ya zo, inji ɗungum ya ke ɗauka. A kansa maganata ta ke.

Mu fara da irin motar da mu ke iya saya. Kaɗan ne daga cikinmu ke sayen sabuwa dal. Yawanci 'yar kwatano ce, watau wadda ta yi shekaru tana aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke ta a bakin teku. Sunan ya samo asali ne daga Kwatano ta ƙasar Binin, inda a ke sauke su da yawa. Ko da ya ke a ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, sunan bai bar bakin mutane ba. Irin wannan mota ta kan zo da fenti yana sheƙi, amma ba kasafai ta ke zuwa da littafin gyaranta ba. Agogon da ke ƙidaya kilomita kuwa ba shaida ba ne, gama akwai masu mayar da shi baya. Saboda haka mai saye bai san abin da aka sake a cikinta ba, bai kuma san yaushe aka sake ba.

Ga yadda haɗarin ya ke. A cikin inji akwai fistin masu hawa da sauka, a samansu kuma akwai bawul, watau 'yan ƙofofi masu buɗewa don mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. Dole ne ƙofa ta rufe kafin fistin ya iso sama. Abin da ke daidaita wannan lokaci shi ne wani bel na roba mai haƙora, wanda makanikai ke kira taimin bel. Ba shi ne fambel da ka ke gani in ka buɗe bonet ba. Wannan a ɓoye ya ke cikin murfi. In inji yana juyi 3,000 a minti guda, watau juyi 50 ke nan a daƙiƙa guda, kuma kowane bawul yana buɗewa sau 25 a wannan daƙiƙar. Ka duba, ya mai karatu, in bel ya tsinke a cikin wannan gudu. Ƙofofin su tsaya a buɗe, fistin kuwa bai sani ba, ya taso ya doke su. A injuna da yawa, kafin direba ya taka birki bawul sun lanƙwashe, wani lokaci har fistin da kan inji su tafi.

Tsofaffin direbobinmu ba su taso da wannan damuwa ba. Fijo 504, wadda masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta cika hanyoyinmu da ita, sarƙar ƙarfe ce ke daidaita injinta na fetur. Sarƙa in ta saki ta kan yi ƙara, a ji, a gyara. Amma ƙanwarta 406 bel gare ta, roba kuwa tana tsufa ko mota tana ajiye. Don haka kowane kamfani ya kan rubuta wa'adin sake bel: wasu kilomita 60,000, wasu 100,000 ko fiye, ko kuwa 'yan shekaru ƙidayayyu, duk wanda ya riga cika.

Wannan lissafi ya taɓa shigowa gidanmu. Ƙanena ya sayar da bijimai biyu da ya turke, ya haɗa da kuɗin gyaɗarsa, ya sayi 406 'yar kwatano don ya riƙa jigilar fasinja a hanyar Gwarzo, daga Kabuga zuwa garuruwan yamma. Injin lafiya lau, ba hayaƙi, ba ƙara. Makanikinsa ya ce a sake bel tun ba a fara aiki ba. Wani dattijon direba kuma ya ce masa, “A bar kaza cikin gashinta. Injin da Bature ya ɗaure, in ka bari aka kwance, ba ya komawa yadda ya ke.” Sai ya zo wurina da dare, da ya ke aikina na ofis lissafi ne, ya ce, “Yaya, kowa da tasa. Kuɗin da ya rage hannuna na takardun mota ne da mai. Yaya zan yi?”

Na ce masa maganar dattijon nan ba ta banza ba ce, ta makaniki ma haka. Muka ɗauko takarda muka rubuta tambayoyi uku. Ta farko: wannan abu yana ba da sanarwa kafin ya ɓaci? Bel ba ya bayarwa. Ta biyu: in ya ɓaci, shi kaɗai zai tafi ko zai ja wasu? Zai ja inji. Ta uku: in hasarar ta auku, kana iya ɗaukarta? A nan ya yi shiru, domin ba sauran bijimi a turke.

Sa'an nan muka yi misali da ƙidaya. Mu ƙaddara kuɗin bel da aikinsa buhu ɗaya ne na gero, kuɗin wani inji kuwa buhu goma. Mu ƙaddara kuma cikin motoci goma irin tasa, ɗaya ce tak bel ɗinta zai tsinke bana. Mai motoci goma, in ya sake duka ya kashe buhu goma, in ya ƙyale ya yi hasarar buhu goma. A wurinsa duk ɗaya ne. Amma mai mota guda, wadda ita ce gonarsa ita ce kasuwarsa, ba ya cikin wannan lissafi. Buhu ɗaya zai ji zafinsa wata guda ya manta. Buhu goma kuwa zai ajiye motar a gindin darbejiya, kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinta, ga kuɗin kullum ya yanke, ga fasinja da zai zubar a daji tsakar rana. Talaka ya fi mai kuɗi bukatar rigakafi, ko da ya ke shi ne ya fi jin nauyin biyansa.

Kada a zaci mu kaɗai ke wannan tunani. Akwai wani kamfani a Jamus mai suna Porsche, mai ƙera motocin gudu na ƙawa masu tsadar gaske. A wasu motocinsa, Boxster da 911 na shekarun 2001 zuwa 2005, akwai wani ɗan boris a cikin inji wanda ya kan farfashe ba zato, ya lalata inji duka. Masu motocin a Amurka sun kai ƙara, aka yi sulhu a 2013. Mafi yawan motocin nan ba abin da ya same su, amma duk wanda ya sayi tsohuwarsu sai ya tsaya ya yi tambayar da ƙanena ya yi. Dabarar da yawancinsu ke bi ita ce: tun da ba a isa wurin boris ɗin sai an sauke giyabos, sai su sake shi ranar da za a sake kuloci, a biya ladan aiki sau ɗaya. Wannan dabara ta dace da mu. A injin 406, bel ɗin nan shi ne ke juya famfon ruwa, kuma akwai boris da ke ɗaure shi. In an buɗe wurin, a sake su gaba ɗaya, gama sabon bel a kan tsohon boris kamar sabuwar guga ce da ruɓaɓɓiyar igiya.

Yanzu sai mu ba dattijon direba haƙƙinsa. Gyara ma yana da nasa haɗari, garin neman gira a kan rasa ido. In makaniki ya kuskure haƙori ɗaya ko biyu wajen ɗaura bel, inji ba zai yi daidai ba. In kuskuren ya yi yawa, bawul su lanƙwashe tun a gareji. In kuma jabun bel aka sa, gara tsohon na ainihi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, mai araha ya kan ja ido. Amma araha ba ta ado. Ka nemi makanikin da ya saba da irin motarka, ka tafi kasuwa tare da wanda ya san kaya, ka tsaya a ɗaura a gabanka, ka karɓi tsohon ka tafi da shi gida.

Haka ƙanena ya yi. Ya jinkirta gyaran na'urar sanyi da wata 'yar ƙara da ke ƙofar baya, domin waɗannan ba su kashe inji. Da aka ciro tsohon bel, sai ga shi a ido kamar ba abin da ya same shi. Ya dube ni ya ce, “Yaya, ashe da mun bar shi.” Na ce masa ai haka rigakafi ya ke, ba a ganin ribarsa da ido. Wanda ya yaɓe soro damina ta wuce lafiya, ba ya cewa ya yi hasarar ƙasa. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne sani: yau ya san ranar da aka sa bel, ya san ranar da za a cire.

Akwai kuma rigakafi mai sauƙi wanda ya fi wannan araha. Zafi da ƙazamin mai su ne manyan abokan gāban inji a ƙasarmu. Duba ruwan lagireto da safe tun inji yana da sanyi, kada ka buɗe murfinsa yana tafasa. In allurar zafi ta haura, ka tsaya nan take. Wanda ya ce bari in ƙarasa Janguza, ya kan ƙarasa da ƙonannen gaskit. Yi juyen baƙin mai a kan lokaci tare da matacinsa. Da hunturu, ƙurar hanyoyinmu na burji ta kan toshe matacin iska, sai a riƙa dubawa. Birki da taya kuwa ba su shiga wannan awo da mu ke yi ba, domin su maganar rai ce, ba ta kuɗi ba.

Wasu kan ce duk wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne ba makawa. Amma tun muna makarantar allo malamanmu suka koya mana cewa mai raƙumi ɗaure shi ya ke yi sa'an nan ya dogara ga Allah. Direban da ya ɗauki rayukan mutane a mota amana ce a hannunsa, duba lafiyar motar kuwa yana cikin riƙon amanar.

Shawarata ga wanda zai sayi tsohuwar mota ita ce, kada ya zuba duk abin hannunsa wajen saye. Ya rage wani abu don gyaran farko, ya lissafa shi cikin kuɗin motar tun daga fari. In abin da ya ke da shi bai isa duka biyu ba, to, motar ta fi ƙarfinsa tukuna, ya ƙara haƙuri. Ku kuma da Allah Ya ba ku karatu da rubutu, ga inda za su yi muku rana. Ku sayi ɗan littafi ku ajiye a cikin mota. Duk gyaran da aka yi ku rubuta kwanan wata, da kilomita, da abin da aka sake. Littafin nan zai tuna muku abin da ƙwaƙwalwa ta manta, ranar sayarwa kuma zai ƙara wa motar daraja, ya fid da mai saye daga duhun da ku kuka shiga.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu, amin.