Kukan Kurciya Jawabi Ne

A watan Mayu na shekarar 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, sai muka wayi gari a unguwarmu Ajilari wayoyin salula sun zama kurame, domin an katse layuka. A lokacin yayana yana karatu a Kano. Ni mahaifiyarmu ke sa wa in rubuta masa 'yar wasiƙa, a kai tasha a roƙi direba. Ba ta taɓa faɗar abin da ya wuce wannan ba: "Ka ce masa muna lafiya." Wata da watanni muna haka, wani saƙon ya isa, wani ya ɓace a hanya.

Bayan shekaru, ina jami'a, wani abokina mai karatun injiniya ya jona wata 'yar na'urar kama rediyo a kwamfutarsa, ya zare waya ta taga, ya kamo gajeren zango mita 20. Ni dai shuuu nake ji da wani siririn fito. Da na yi masa dariya sai ya ce, "Malam Bahaushe, ba ku kuka ce kukan kurciya jawabi ne ba? Dubi allo." Ina dubawa sai ga layukan rubutu suna zubowa daga Italiya da Jamus da Barazil.

Ya bayyana mini cewa waɗannan masu sha'awar rediyo ne, mutanen da ke karɓar lasisi su riƙa magana da juna ba don kuɗi ba. Kowa da lambar kiransa. Ta Nijeriya kan fara da 5N, ta Nijar da 5U. Tsarin da muke kallo sunansa FT8, wanda Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Kwamfuta ke mayar da haruffa sauti, rediyo ya harba, sautin ya daki sararin sama ya dawo ƙasa a wata nahiya, wata kwamfutar ta mayar da shi rubutu, ko da kunne bai ji komai ba. Ana karɓa-karɓa ne duk daƙiƙa 15. Saƙon ba ya bi ta turken kamfanin waya, kuma batir da faifan sola sun isa. Shi ya sa ya dace da ɗan koyo: ba sai da babbar eriya ba, ba sai da dogon Turanci ba. Mu sauraro kawai muka yi, aikawa kuwa sai mai lasisi.

Da ya ce saƙon da mutum zai tsara da kansa ba ya wuce gurbi 13, sai na shiga ƙirga da yatsu. MUNA LAFIYA gurbi 11 ne. Ashe duk maganar mahaifiyata za ta shiga, har da ragowa. Na daɗe ban ce uffan ba.

Ba ina cewa da an bar mu mun ɗaga eriya a 2013 ba, don a lokacin ko wayar Thuraya sojoji sun haramta. Amma ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 ta tuna mana cewa ba yaƙi kaɗai ke raba mutum da labarin ɗan'uwansa ba.

To, ina ruwan ɗalibin harshe? Tsarin bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Ɗan'uwa mai karatu, idan ka ga SUN KARE MU a allo, kariya aka ba su, ko ƙare su aka yi? A ranar tashin hankali, ƙugiya ɗaya ce tsakanin hamdala da salati. Injiniya zai haɗa wayoyi, amma wa zai tsara ƙa'idar rubuta waɗannan haruffa, ya ƙirƙiro kalmomin fannin, ya rubuta jagorar ɗan koyo da Hausa? Aikinmu ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu haɗa kai da na sashen injiniya mu kafa ƙungiyar sauraro, mu nemi shawarar ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Nijeriya, NARS, kan hanyar samun lasisi, sannan mu zaga makarantun sakandare mu nuna wa ƙannenmu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.