Shalak a Rumfar Baffa

Kafin sunan Malkohi ya shiga bakin gidajen rediyon duniya a 2014 da 2015, sa'ad da aka tsugunar da 'yan gudun hijira a can, ƙauye ne na manoma da makiyaya a gefen Yola, wanda ko mutanen Jimeta ba duka suka san hanyarsa ba. Wannan Malkohin na sani, ta shekarun 1980, muna cikin jihar Gongola, don Adamawa ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1991. A lokacin, duk abin da ya wuce gishiri da kananzir sai an shiga gari.

Baffana kafinta ne. Yawancin aikinsa benci ne da ƙyaure da akwatin sa tufafi, amma in aure ya taso sai rumfar ta canza kama: gado, kabad, teburin madubi, duk na madaci. Madaci kuwa ba ya son fenti. Wanda ya shafa wa madaci fenti, a wajen Baffa, ya ci amanar itacen, domin jan da ke cikinsa da zanen jijiyoyinsa su ne adonsa. Abin da yake sa masa shi ne shalak.

Daga kasuwar Jimeta yake sayo shi a ƙunshin takarda, ɓawo-ɓawo siriri mai launin zuma, yana karyewa a yatsa. Sai ya zuba a kwalba, ya tsiyaya sipirit, ya toshe. Girgiza kwalbar aikinmu ne, mu yara, har ya narke bayan kwana ɗaya ko biyu, a tace da tsumma. Ba ya jiƙa mai yawa, saboda wanda ya yi watanni a kwalba ba ya bushewa sosai, sai ya bar danƙo.

Shafawar ce abin kallo. Bayan samfefa mai kaushi ta bi katako, mai laushi ta biyo baya, sai ya dunƙule auduga cikin ƙyallen tsohuwar farar riga, ya ɗiga shalak a cikin audugar, ya matse kaɗan. Daga nan hannu ya fara zagaye, ƙanana da manya, ba ɗagawa a tsakiya, ba tsayawa. In ƙullin ya fara cijewa, ya taɓa masa ɗigon man keken ɗinki. Shafin farko katako ke shanyewa, ka rantse ba a yi komai ba. Na biyu ma haka. Sai an yi ta bi, a bari ya kwana, a sake bi, sannan wata safiya ka ga jijiyoyin itacen sun nutsa can ciki, fuskarka kuma tana bisa. A ƙarshe ya bi da ƙulli mai ɗan sipirit zalla ya ɗauke maiƙon. In ya ba almajirinsa ƙullin, maganarsa ɗaya ce: "Kai yaro, kada hannunka ya tsaya." Inda hannu ya tsaya, sipirit zai narkar da shafin jiya, ya bar tabo.

Yanayin Yola ma yana da bakin magana a aikin. Da damina, laimar iska kan sa shafin ya yi fari-fari kamar hazo, sai a jira rana. Da hunturu yana bushewa nan take, amma ƙura ce abokiyar gaba, dole a yayyafa ruwa a ƙasa a saki buhu a ƙofar rumfa. A Maris da Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, sipirit kan gudu kafin ƙulli ya gama zagaye, don haka daga sallar asuba Baffa ke wucewa rumfa.

Sai da na girma na san daga inda abin yake fitowa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne a Indiya da Tailan yake tsotsar ruwan itace yana fitar da danƙo a jikin rassa, a kankare, a wanke, a narkar, a miƙar da shi ya bushe. Jihar Jharkhand ce kan gaba wajen samar da shi a Indiya, kuma cikin itatuwan da ake kiwon ƙwaron a kansu har da magarya, wadda muke jifa muna tsintar 'ya'yanta a bayan gari. Da shalak aka riƙa yin faifan garmaho kafin na roba ya kore shi a shekarun 1950, har yau kuma ana lulluɓe wasu ƙwayoyin magani da alewa da shi.

Game da ƙarko, mata sun fi kowa sanin rauninsa. Goggo ta sha mita. A ɗora butar shayi mai zafi a teburi, ta bar zobe. Moɗa mai jiƙa ta kwana a kai, da safe ga farin tabo. Mafi muni turaren fesawa: yana da sinadarin da ke narkar da shalak, ga shi kuma mazauninsa teburin madubi. Amma duk waɗannan ba su kai mutum ga sayen sabon teburi ba. Sabon shalak yana narkewa ya haɗe da tsoho su zama ɗaya, ba sai an kankare har katako ba. Gab da Sallah Baffa kan ɗaura kwalba a bayan keke ya bi gidajen da ya yi wa aiki. A fito da kabad tsakar gida, ya yi rabin wuni a kai, a kawo masa fura, a mai da kabad ɗaki kamar ranar jere. Kayan ɗakin da ke samun wannan ziyara uwa kan bar wa 'yarta su.

Sai fomeka ta zo, amare suka ce su ita suke so. Banish ya biyo baya, sannan injin feshi, wanda ke gama a wuni abin da Baffa ke yi a mako. Ba zan zalunci banish ba: ya fi shalak jure ruwa da zafi nesa ba kusa ba, kuma mai yara da yawa a gida yana da hujjar zaɓarsa. Illarsa ita ce ranar da ya tsage ko ya fara ɓarewa, babu faci, sai a kankare duka, kafintan yau kuma zai ce maka gara ka sayi sabo. Sabon ma sau da yawa garin katako ne da aka matse da gam. A ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru Binuwai ta shiga gidaje, na ga irin waɗannan kabad-kabad a gidan wata 'yar'uwarmu a Jimeta sun kumbura sun zube. Tsohon gadon madaci da ke ɗaki guda da su ya yi fari fat, amma ya tsaya a kan ƙafafunsa, aka shanya shi aka sake shafe shi.

Katakon kirki ma yanzu ya yi wuya. Madobiyar da ake ji da ita an yi ta lodinta daga dazukan Taraba zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Wanda ya gaji tsohon kabad ko gado daga kakarsa, kafin ya bari a yi masa feshi, ya jiƙa auduga da sipirit ya goga a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In wurin ya yi danƙo, audugar ta ɗauko launin zuma, to shalak ne, kuma kafintan da ya haura shekara sittin ya kamata ya nema.