Wuƙar Babana

Babana yana da wata 'yar wuƙar aljihu ja, mai naɗewa, wadda ta girme ni. Wani injiniya da ya yi wa tuƙi shekara bakwai shi ya ba shi ita ran da za su rabu. Da ita yake feraye rake, da ita yake ɗaure sukurun rediyo, kuma ba ya ba kowa aronta.

Ran da za mu komo makaranta a zangon da ya wuce, sai na gan ta a kan buzunsa. Shaiɗan ya zuga ni na jefa ta aljihu, don kawai in yi wa abokaina burga. Ba a yi kwana goma ba aka yi binciken akwatuna, aka same ta. Kowa ya san doka ta hana zuwa da wuƙa makaranta. Nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Malamin da ke kula da gidanmu ya ba ni horon yankan ciyawa na kwana uku. Sa'an nan ya ce, "Kai, ka san abin da ka ɗauko kuwa?" Na ce, "A'a, Malam." Sai ya nuna mini wani rubutu a gindin bakinta, wato Victorinox, ya ba ni labarinta.

Wani maƙeri ne, Karl Elsener, ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884. A 1891 ya fara yi wa sojan ƙasarsu wuƙa mai haɗe da basilla da mabuɗin gwangwani da sukudireban kwance bindiga. A 1897 ya fito da ta hafsoshi, wadda ita ce kakar irin ta Baba. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909, sai ya sa wa kayansa sunanta. A 1921, da aka shiga amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda suke kira "inox", aka haɗa kalmomin biyu suka zama Victorinox. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, an hana shiga jirgin sama da wuƙa, ciniki ya faɗi ƙwarai, amma kamfanin bai kori ma'aikatansa ba.

Malam ya ce, "Wanda ya sa sunan mahaifiyarsa a jikin kayansa ba zai yi algus ba. Kai sunan wa kake amsawa a rajista?" Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye ta wurinsa har ranar hutu. Da na isa gida na durƙusa na ce, "Baba, ga wuƙarka, ni na ɗauka." Ya daɗe bai ce komai ba. Ashe yaron motarsa ya zarga, har ya yi masa faɗa a gaban mutane a tasha. Baba bai doke ni ba. Hannuna ya kama muka tafi har gidan yaron, ya roƙi gafararsa, ni ma na roƙa. Wallahi da bulala ce da ta fi mini sauƙi.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da muke ɗauka wasa, wani bawan Allah ne yake biya da mutuncinsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda aka ɗauka ba da izini ba. Allah ya sa mu gyara, amin.