Baki da Baki, ko Ido da Ido?

A cikin Turancin da nake koya wa yara akwai wata gajeriyar magana, "face to face", watau fuska da fuska. Ma'anarta mutane su sadu a wuri ɗaya, ba wasiƙa, ba waya, ba ɗan aike a tsakaninsu. Tun shekarar 2020, sa'anda cutar korona ta sa aka rufe makarantu, maganar ta yawaita a takardu, gama sai an bambanta karatun aji da na intanet.

Mu muna da namu har uku, kowace da wurinta. Dillali a kasuwar Dawanau zai ce sun yi cinikin riɗi baki da baki da mai saye daga Maraɗi. Wanda ya ga ɓarawo ya ce sun yi ido da ido. Gaba da gaba kuwa ta rigima ce, kamar masu gardamar iyakar gona a gaban mai unguwa. Bature ya tattara su duka cikin magana guda. Ko a wasiƙun Yohanna ta 2 da ta 3, baki ne aka rubuta da Helenanci, masu juyawa zuwa Turanci suka sa fuska.

Ga fa inda abin yake damuna. A nan Dawakin Tofa mun goyi 'ya'yanmu su durƙusa, su sunkuyar da kai gaban manya. Daidai ne, ban kuwa so a bari. Amma masu kiran yaro ganawa irin ta boko fuskarsa suke so su gani. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ya tafi neman shiga makarantar koyon jinya. Ya san amsoshin, amma duk ƙasa ya faɗa wa. Suka zaci ba shi da tabbaci, aka ɗauki wani.

Saboda haka kowace Jumma'a nakan zaunar da 'yan aji shida ɗaya ɗaya a gabana, in ce su ɗaga kai su amsa. Wani dattijo ya zo har gida ya ce, "Malam, rashin kunya kake koya wa jikana?" Na durƙusa na ce, "A'a, Baba. A gabanka ya sunkuya, a gaban masu tambaya ya ɗaga." Ya daɗe shiru, kāna ya ce to, amma kada a gwada da kakar yaron.